Ƙaurar namun daji a Serengeti da Masai Mara: Bayani ga mai zuwa karon farko

A kowace shekara dubun-dubatar 'yan yawon buɗe ido ne ke zuwa ƙasashen Kenya da Tanzaniya domin kallon ƙaurar da namun daji ke yi tsakanin gandun dajin Serengeti da na Masai Mara.

Sai dai ba kowa ne ke dace da ganin abin da ya kai shi ba. Akan sami wanda ya kashe dubban daloli, amma ya sauka a wani sashe na dajin alhali dabbobin na can wani sashen mai nisan ɗaruruwan kilomita.

Dalili kuwa shi ne ruwan sama dabbobin ke bi, kuma ba sa zama wuri guda. Don haka abu na farko da mai shirin tafiyar zai tsayar shi ne watan da zai je. Watan ne zai nuna masa ƙasar da zai nufa da kuma sashen dajin da zai kama masauki.

Ita wannan tafiya ta kallon namun daji ana kiranta safari, kalmar Swahili ce da ta samo asali daga Larabci, tushensu ɗaya da kalmar safara ta Hausa.

Dabbar da ke jan ayarin

Dabbar da ta fi yawa a ƙaurar ita ce wadda ake kira nyumbu da harshen Swahili. Ba a samun ta a Afirka ta Yamma, amma 'yar uwar kanki ce. Tana da kai irin na ɓauna, da gemu, da jela irin ta doki, kuma babba kan kai nauyin kilo 150 zuwa 250.

Tare da ita akwai jakunan dawa kimanin dubu 200, da kuma barewa masu yawan gaske. Jakin dawa kan ci doguwar ciyawa mai tauri, nyumbu ta bi baya ta ci gajera, abin da ya sa suke kiwo tare ba tare da sun takura wa juna ba.

An daɗe ana ƙiyasta yawan nyumbu a wannan yanki da miliyan 1.3. To amma a shekarar 2025 wasu masu bincike na jami'ar Oxford da ke Birtaniya, waɗanda suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da ƙirƙirarriyar basira, sun ce abin da suka ƙidaya bai kai dubu 600 ba. Masu binciken ba su ce dabbobin sun ƙare ba ne, domin hanyoyin ƙidayar biyu sun bambanta, kuma batun na ci gaba da jawo muhawara.

Abin da babu jayayya a kansa shi ne yawan da ake gani a yau bai daɗe ba. A farkon shekarun 1960 nyumbu ba su wuce dubu 250 ba, saboda cutar bushiya da suke ɗauka daga shanu. Ita ce cutar da ta yi wa garkunan Fulani mummunar ɓarna a shekarun 1890, ta kuma sake ɓulla a Najeriya a shekarun 1980. Da aka fara yi wa shanun da ke kewaye da Serengeti allurar rigakafi, sai cutar ta ɓace a tsakanin namun dajin, yawansu ya ninka har sau biyar kafin ƙarshen shekarun 1970. A 2011 ne aka bayyana kawar da cutar daga duniya baki ɗaya.

Akan ce wannan ita ce ƙaurar dabbobin tudu mafi girma a duniya, ko da yake wata ƙidaya da aka bayyana a 2024 ta gano wasu nau'o'in namun daji kimanin miliyan 6 da ke ƙaura a Sudan ta Kudu. Rashin hanyoyi da matsalar tsaro sun sa zuwa can bai zo da sauƙi ba.

Ina suke a wane wata?

Gandun Serengeti na Tanzaniya, wanda aka kafa a 1951, yana da faɗin murabba'in kilomita kusan 14,750. Masai Mara na Kenya, wanda aka kafa a 1961, bai wuce murabba'in kilomita 1,500 da 'yan kai ba. Babu shinge a tsakaninsu, kuma dabbobin kan yi zagayen da ya kai kilomita 800 ko fiye a shekara, mafi yawansa a cikin Tanzaniya.

Yanayin can ya sha bamban da na ƙasar Hausa. Damina biyu ake yi, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama kuma a Nuwamba da Disamba. Watan Agusta, lokacin da ake tsakiyar marka a Kano da Zariya, rani ne a Serengeti.

Daga Disamba zuwa Maris garkunan na kudancin Serengeti da yankin Ndutu, wanda ke kan iyaka da gandun Ngorongoro. Fili ne fetal mai gajeriyar ciyawa, ƙasarsa kuma cike take da tokar duwatsu masu aman wuta, wadda ke sa ciyawar ta ƙunshi sinadaran da uwa mai shayarwa ke buƙata.

A nan suke haihuwa. Cikin makonni biyu zuwa uku, galibi a watan Fabrairu, akan haifi 'yan maruƙa dubu ɗaruruwa, kuma kowanne kan miƙe tsaye cikin 'yan mintoci. Haihuwar lokaci guda ita ce kariyarsu, domin zakuna da kuraye ba za su iya cin fiye da cikinsu ba. Ga mai son ganin farauta, babu lokacin da ya kai wannan, ga shi kuma filin ba bishiyoyin da za su tare ido.

A Afrilu da Mayu ciyawar kudu ta ƙare, sai a doshi arewa maso yamma cikin dogayen jerin gwano. Lokacin ruwa ne, hanyoyi kan caɓe, wasu masaukai kan rufe, amma farashi kan faɗi sosai.

Wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni ake barbara, garkunan kuma kan isa yammacin Serengeti inda kogin Grumeti yake. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewacin Serengeti da Masai Mara. Da ƙaramar damina ta sauka a Nuwamba, sai su juyo kudu ta gefen gabas.

Wannan jadawali kwatance ne kawai. Idan ruwa ya yi jinkiri ko ya zo da wuri, dabbobin kan riga lokacin ko su makara da makonni.

Tsallaka kogin Mara

Hoton da ya fi jan mutane shi ne na dubban nyumbu suna dirowa daga gaɓar kogin Mara cikin ƙura, kadoji na jiransu a ruwa. A nan ne kuma masu zuwa karon farko suka fi yin kuskuren lissafi.

Da yawa na zaton rana ɗaya ce ake tsallakawa daga Tanzaniya zuwa Kenya. Ba haka abin yake ba. Kogin, wanda ya taso daga dajin Mau na Kenya ya faɗa tafkin Victoria, ya ratsa ta cikin gandayen biyu, kuma ba shi ne iyakar ƙasashen ba. Garkunan kan tsallaka su dawo sau da yawa tsakanin Yuli da Oktoba, gwargwadon inda hadari ya haɗu.

Babu mai iya cewa ga ranar ko ga sa'ar. Garke kan taru a bakin mashigi tun da safe, ya yi cirko-cirko na sa'o'i huɗu ko biyar, na gaba su leƙa ruwan su ja da baya, daga ƙarshe kuma duk su watse su koma kiwo. Wata rana kuwa ɗaya ce za ta yi ƙuru ta faɗa, sauran su bi ta, cikin rabin sa'a an gama.

Saboda haka jagororin da suka san dajin kan ba da shawarar kwana uku zuwa huɗu a masauki guda kusa da kogin, maimakon a rarraba kwanakin a gandaye daban-daban. Wanda ya ware kwana ɗaya tak domin kallon tsallakawar, sa'a kawai ya dogara da ita.

Ko da yake kada ne ya yi suna, ruwa ya fi shi kisa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa nyumbu fiye da 6,000 ne ke nutsewa a kogin a kowace shekara, musamman idan suka zaɓi mashigin da gaɓarsa ta yi tsayi, na baya suka danne na gaba. Abin da kadoji ke ci daga ciki kaɗan ne, sauran kuwa ungulaye da kifaye ne ke amfana. Ya kamata mai tafiya da yara ƙanana ya san cewa kallon ba na kowa ba ne.

Kenya ko Tanzaniya?

Ga mai riƙe da fasfon Najeriya, sau da yawa batun biza ne ke yanke wannan hukunci.

A watan Janairun 2024 Kenya ta maye gurbin biza da izinin shiga da ake nema ta intanet, sannan a 2025 ta ɗauke wa 'yan ƙasashen Afirka wannan sharaɗi, ban da Somaliya da Libiya.

Tanzaniya kuwa ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ba a bai wa 'ya'yansu biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida, an kuma jira amincewar hukumar shige da fice, abin da kan ɗauki makonni da dama. Ana son a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada a biya kuɗin da ba a mayarwa kafin bizar ta fito. Bizar bai-ɗaya ta yawon buɗe ido a Gabashin Afirka ta ƙunshi Kenya da Uganda da Ruwanda ne kawai, babu Tanzaniya. Da yake irin waɗannan dokoki na sauyawa, yana da kyau a tuntuɓi ofishin jakadanci kafin a sayi tikiti.

Wannan na nufin mai son ganin haihuwa a Fabrairu ba shi da zaɓi sai Tanzaniya. Mai son ganin kogi a Agusta ko Satumba kuwa yana iya zuwa kowacce.

Wani abin da kan ba mutane mamaki shi ne, dabba na ƙetare iyakar yadda ta ga dama, amma mutum ba ya iyawa. An rufe ƙofar da ta haɗa gandayen biyu tun 1977, lokacin da tsohuwar ƙungiyar Gabashin Afirka ta wargaje, kuma ba a sake buɗe ta ga 'yan yawon buɗe ido ba. Mai son haɗa ƙasashen biyu sai ya zagaya ta garin Isebania ko Namanga, ko kuma ya bi jirgi, abin da kan cinye yini guda.

Masai Mara ya fi sauƙin isa. Daga Nairobi tafiyar sa'o'i biyar zuwa shida ce a mota ta garin Narok, ko ƙasa da sa'a ɗaya a ƙaramin jirgi daga filin Wilson. Akwai jirgin da ke tashi kai tsaye daga Legas zuwa Nairobi, masu tashi daga Kano ko Abuja kuma kan bi ta Addis Ababa.

Ƙofar Serengeti ita ce birnin Arusha, kusa da filin jirgin Kilimanjaro. Daga nan zuwa tsakiyar gandun kusan yini ne a mota, zuwa arewacinsa inda kogin yake kuwa gara a hau jirgi. Wahalar ta fi yawa, amma faɗin dajin ya sa motoci ba sa cunkushewa kamar a Masai Mara.

Kuɗi da masauki

Tafiya ce mai tsada, kuma da dalar Amurka ake lissafinta. Tun daga 2024 kuɗin shiga Masai Mara ga baƙo babba ya zama dala 100 a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 kuma daga Yuli zuwa Disamba. A Serengeti kuɗin ya kai kimanin dala 70 a rana kafin haraji, ban da wani kuɗin da ake biya na kwana a cikin gandun.

Masaukai sun kama daga tantunan da ke wajen ƙofa, inda baƙi ke haɗa kuɗin mota ɗaya, har zuwa na alfarma da ke karɓar sama da dala 1,000 a dare. A Tanzaniya akwai sansanonin tantuna da ake tayarwa ana bin garkunan, su zauna a Ndutu a farkon shekara, su koma arewa da rani.

Abin lura a nan shi ne nisan masauki da inda dabbobin suke. Masauki mai araha da ke da tafiyar sa'o'i biyu zuwa bakin kogi na nufin sa'o'i huɗu a hanya kowace rana, ga shi kuma dole a fice kafin a rufe ƙofa da magariba.

Wuraren da ke kusa da kogin kan cika tun watanni tara zuwa shekara guda kafin Agusta. Kowace ƙasa na da ƙungiyar kamfanonin shirya yawon buɗe ido, KATO a Kenya, TATO a Tanzaniya, kuma duba sunan kamfani a jerin mambobinsu na rage haɗarin faɗawa hannun 'yan damfara. Ya kamata a tambaya a rubuce ko farashin ya haɗa da kuɗin shiga gandu, da adadin mutanen da za su shiga mota ɗaya.

Ingancin jagora ya fi ƙawar masauki muhimmanci. Shi ne direba, shi ne kuma mai karanta take-taken garke ya san mashigin da za su bi. Al'ada ce a ba shi tukuici a ƙarshen tafiya.

Lafiya da kaya

Duk wanda ya taso daga ƙasar da ake samun ciwon shawara, irin su Najeriya da Nijar da Ghana, za a nemi ya nuna katin allurar rigakafi. Sai an yi allurar da kwana 10 katin ke fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Akwai zazzaɓin cizon sauro a yankin, akwai kuma ƙudan tsando a wuraren da ke da duhuwa, musamman yammacin Serengeti. Baƙin tufafi da shuɗi mai duhu na jawo shi.

Yankin tudu ne, don haka safiyar Yuli da Agusta na da sanyi irin na hunturu. Rigar sanyi ta zama dole, haka nan madubin hangen nesa. Ƙananan jiragen ba sa ɗaukar kayan da suka wuce kilo 15, kuma jaka mai taushi suke so.

An haramta jakar leda a Kenya tun 2017, a Tanzaniya kuma tun 2019. Ba a tayar da jirgi maras matuƙi a gandayen sai da izini, kuma a guji tufafin da suka yi kama da kakin soja.

Salla da abinci

Musulmi na da yawa a ƙasashen biyu, kuma ba a rasa masallatai da abincin halal a Nairobi da Arusha. A cikin daji lamarin ya bambanta. Masaukai da yawa na dafa naman alade suna kuma sayar da barasa, don haka gara a sanar da su tun lokacin kama ɗaki. Yawancinsu sun saba da irin wannan buƙata.

Ba a yarda kowa ya sauka daga mota ba sai a wuraren da aka keɓe, saboda haka ya kamata a shaida wa jagora tun da safe domin ya tsara inda za a tsaya a yi azahar da la'asar. A tafi da ruwan alwala a mota, kada a kusanci bakin kogi, domin baya ga kada akwai dorina.

Wanda ya saba fuskantar gabas a gida ya lura cewa alƙibla a can tana arewa ne, ta ɗan karkata gabas kaɗan. Agogonsu na gaban na Najeriya da sa'o'i biyu. Masu magana da Swahili kuma daga wayewar gari suke fara ƙidayar lokaci, ta yadda ƙarfe ɗaya a bakinsu na nufin bakwai na safe.

Azumin shekarar 2026 da na 2027 duk a tsakanin Fabrairu da Maris suke, wato daidai lokacin haihuwar dabbobin.

Cunkoso da batun ƙasa

Yawan baƙi ya fara zama matsala ga ƙaurar kanta. A lokacin da ake tsallakawa akan ga motoci da dama sun yi layi a gaɓar kogi. A 2025 an yaɗa hotunan bidiyo daga ɓangarorin biyu da ke nuna motoci da mutanen da suka sauko sun tare wa dabbobin hanya, lamarin da ya sa hukumomin ƙasashen suka yi gargaɗin hukunta direbobi.

Garken da aka tare wa mashigi kan juya zuwa inda gaɓa ta fi tsayi, a nan ne kuma ake nutsewa. Sau da yawa baƙo ne ke matsa wa direba ya ƙara matsawa domin ɗaukar hoto, don haka baƙon na da hannu a gyaran.

Akwai kuma batun Masai, makiyayan da sunansu ke kan gandun. A 1959 ne gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ta fitar da su daga Serengeti zuwa Ngorongoro. A watan Yunin 2022 an yi arangama a yankin Loliondo lokacin da gwamnatin Tanzaniya ta shata wani fili da suke kiwo a ciki, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama sun soki shirin kwashe iyalai daga Ngorongoro. Gwamnati ta ce masu tashi da son ransu suke tashi, shugabannin Masai da dama kuma sun musanta hakan.

A ɓangaren Kenya an ɓullo da wani tsari na daban, inda masu filaye 'yan ƙabilar Masai ke ba da hayar ƙasarsu ga masu masaukai, ana biyansu a kai a kai. Daga cikin irin waɗannan wurare akwai Mara North da Naboisho da Olare Motorogi. Ana ƙayyade yawan motoci a cikinsu, ana kuma yarda da fita da daddare ko yawo a ƙafa, waɗanda aka hana a babban gandun. Sun fi tsada, kuma mai son zuwa manyan mashigan kogin sai ya sake biyan kuɗin shiga gandun.

A 2010 Tanzaniya ta bayyana shirin shimfiɗa babban titi ta arewacin Serengeti, amma kotun Gabashin Afirka ta hana yin na kwalta a 2014. Gabas da Masai Mara kuwa, a filayen Loita, akwai wata ƙaurar nyumbu ta daban da ta haura dubu 100 a shekarun 1970. Bayan an rarraba filayen an kakkafa shingen waya, kaɗan ne daga cikinsu suka rage.